Kwana a mota lokacin hunturu: in shiga da kurfoti ko in sayi hita?

Mai Citta, Kawo

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son wanda ya taɓa yin abin da kansa ya yi magana.

Sana'ata sayen citta ce a kudancin Kaduna, Kachia da Kwoi har Kafanchan, in kawo cikin garin Kaduna in sayar. A da sammako nake yi in dawo da dare ko washegari. Tun da wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a 2023 kaya ya yi wuya, sai ka bi ƙauye-ƙauye kana haɗa buhu biyu nan, uku can, ka yi kwana huɗu ko biyar mota ba ta cika ba. Kuɗin masauki ya soma cinye riba, wani wurin ma babu masaukin sam. Shi ya sa bara na cire kujerun baya na tsohuwar Hiace ɗina na kai ta Panteka, mai walda ya haɗa min ƙafafun gado, kafinta ya ɗora katako, na shimfiɗa 'yar katifa. Ina da tukunyar gas mai kilo 3 ta dafa shayi, da jarkar ruwa, da buta, da darduma.

Watan Nuwamba lafiya lau na yi ta kwana. Ƙarshen Disamba ne na ji jiki. Wani dare a kusa da Kwoi na kwanta bayan isha'i, wajen ƙarfe uku sanyi ya tashe ni, haƙorana na kaɗawa, bayana kamar na kwanta a kan ƙanƙara duk da bargo biyu. Na rufe gilasai ruf, na kunna gas ɗin na bar shi yana ci don ya ɗumama ciki, na kuma tayar da mota ta yi kamar rabin awa a tsaye. Ɗumi ya zo, barci ya ɗauke ni kaɗan. Da na farka sallar asuba kaina na sarawa, zuciyata na tashi, kuma ga abin da ya fi ba ni mamaki: ruwa na ɗiga daga rufin mota, gilasai sun jiƙe sharkaf, bargon sama ya yi danshi. Cikin hunturu fa, lokacin da leɓe ke tsagewa saboda bushewa. Daga ina ruwan ya zo?

Bana ina so in ƙara da sayen dankalin turawa a Filato cikin Janairu, kuma kowa ya san sanyin can ba irin namu ba ne. Wani abokina ya ce in hura gawayi a kurfoti a waje, in bari hayaƙin ya ƙare ya zama jan garwashi zalla, sannan in shiga da shi. Uwargida ta ce ba da yawunta ba. Na kuma ga bidiyon Turawa suna kwana a irin wannan mota cikin dusar ƙanƙara da wata hita mai shan dizal, har mutum na zaune da singileti. Wanne zan yi? Iyali bakwai ne a wuyana, ba na son in yi ganganci, amma kuma ba zan iya sake irin wancan daren ba.

Baba Direba, Rigasa

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka saurari matarka.

Shekara 31 na yi ina jan babbar mota kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma yawancin hunturun waɗannan shekaru a cikin mota na yi su. Zan ba ka labari ɗaya. Mun taɓa kwana a wajen Bukuru mu motoci huɗu, sanyi ya hana kowa sakat. Yaron motar wani abokina, yaro mai hankali da ladabi, bai kai shekara ashirin ba, ya karɓo garwashi wurin mai shayi a cikin wani tsohon kwano ya shiga da shi kan mota ya ja ƙofa. Babu hayaƙi ko kaɗan, jan garwashi ne tsaf, irin wanda abokinka yake faɗa. Da asuba muka yi ta buga ƙofa shiru. Da aka buɗe yana kwance kamar mai barci, hannunsa a ƙarƙashin kumatu. Ni na riƙe ƙafafunsa muka sauko da shi. Allah ya jiƙansa. Har yau in na ga an ɗauki kasko za a shiga ɗaki sai gabana ya faɗi.

Sanyin mota kuwa daga ƙasa yake hawowa. Ƙarfe ne ke zuƙe ɗumin jikinka, kai kuma sai ka yi ta tara bargo a sama, bayanka na shan sanyi. Ka ga ai da kanka ka ce bayanka ne ya yi kamar ƙanƙara. Katifarka ta yi siriri, kuma iska na yawo a ƙarƙashin gadon. Ka samo kwalaye manya, irin na firij, ka shimfiɗa biyu ko uku a kan katakon, ka ɗora tabarma, sannan katifa, sannan bargo ɗaya a ƙarƙashinka. Ka sa hular sanyi mai rufe kunne da safa busasshiya, ba wadda ka wuni da ita ba. Kafin ka kwanta ka tafasa ruwa a waje, ka zuba a gora mai ƙarfi, ka ɗaure bakin da kyau, ka naɗe da tsumma ka ajiye wajen ƙafafunka. Zai kai ka tsakar dare, wani lokacin har asuba. Kada ka kwanta da yunwa, mai yunwa ya fi kowa jin sanyi.

In za ka faka, ka lura da inda iska ke fitowa. Ta hunturu daga gabas maso arewa take kaɗowa, sai ka nemi katanga ko wata babbar mota ta tare maka ita. Kuma kada ka faka a kwari ko bakin rafi, can sanyi ke taruwa da asuba.

Abin da ya fi sanyin damuna shi ne inda kake kwana. Zamanin da za ka ratse gefen hanya ka ja birki ka yi barci ya wuce. Ka shiga gari kafin magariba, ka je ka gai da mai unguwa ko shugaban tasha, su san fuskarka da lambar motarka, ka faka inda akwai mai gadi da haske. Mai ɗauke da kuɗin sayen kaya bai kamata ya kwana wuri ɗaya dare uku a jere ba.

Maman Biyu, Unguwar Rimi

Malam Mai Citta, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma da na karanta labarinka sai da na ajiye wayar na yi salati. Ciwon kai da tashin zuciyar da ka tashi da su ba na sanyi ba ne. Alamun guba ne, kuma Allah ne ya yi da sauran kwananka.

Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, gas ne, kananzir ne ko fetur, in bai sami isasshiyar iska ba yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye, don haka babu abin da zai gargaɗe ka. Hayaƙin da ake gani da ido daban, ita daban, shi ya sa maganar a bari hayaƙi ya ƙare ba ta tsare komai. Garwashi ja yana ci gaba da fitar da ita har ya mutu. In ta shiga huhu sai ta kama jini, kamun da ya fi na iskar oksijin ƙarfi fiye da sau 200, sai jinin ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, kasala, amai. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Ita ce dai ke kashe iyali guda in an shigar da janareta cikin gida ko an ajiye shi a bakin taga.

Kai kuma ka haɗa biyu a dare ɗaya: gas na ci a rufaffen wuri, ga inji na aiki mota a tsaye. Tsohuwar mota ba a rasa ta da ɓula a salansa ko tsatsa a ƙasan bodi, hayaƙin sai ya taru ƙarƙashi ya sulalo ciki. Don Allah kada ka sake ko ɗaya. Shayi ma ka dafa a waje, ko ƙofar gefe a buɗe, kuma tukunyar gas ɗin ka rufe ta daga kanta kafin ka kwanta.

In ka taɓa tashi da irin wannan ciwon kai, ka fita cikin iska nan take, kada ka ce bari in ɗan ƙara kwanciya. In jiri bai sake ka ba, ko kana ruɗewa, ko ƙirji na ciwo, a kai ka asibiti, kuma ka gaya musu abin da ka kunna, domin da yawa ana ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a yi ta ba da magani a banza. Kada ka ja mota a wannan hali.

Abban Yara, Malali

Yaya Mai Citta, sannu da ƙoƙari. Na yi shekara shida a Jamus ina karatu da aiki kafin in dawo gida, kuma ni da wani abokin aikina mun yi hunturu biyu muna fita ƙarshen mako da motarsa Volkswagen da ya mayar ɗaki. Don haka hitar da ka gani na kwana da ita.

Yadda take aiki shi ne abin lura. Wutar tana ci ne a cikin wani rufaffen bututu. Iskar da wutar ke sha daga waje take shigowa ta ƙasan mota, hayaƙin kuma ya fita waje ta nasa bututun. Fanka ce ke ɗaukar iskar cikin mota ta bi ta jikin ƙarfen da ya yi zafi ta dawo da ɗumi. Wuta da numfashinka ba sa haɗuwa. Webasto da Eberspächer su ne sanannun kamfanonin Jamus da ke yin ta, yanzu kuma akwai na Sin masu araha da ke zuwa da ɗan tankinsu, don haka ko motarka mai fetur ce za ta yi. Ƙaramar, mai kilowat 2, ba ta wuce rubu'in lita a awa ko an buɗe ta duka. Amma tana son batir mai kyau, musamman lokacin tashi, kuma in batir ya mutu tana cikin aiki fanka ta tsaya ba ta huce ba, tana iya lalacewa. Mafi muhimmanci, sai an huda ƙasan mota an ɗaura ta daidai. In wanda ya ɗaura bai san aikin ba, ya bar bututun hayaƙi yana yoyo ko ya ƙare a ƙarƙashin bodi, to ka sayo abin da Anti Maman Biyu ta bayyana ne da kuɗinka. Su kansu Turawan ba sa kwana da ita sai da 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid.

Sai dai ka san irin sanyin da aka yi ta dominsa. Akwai daren da muka kwana a gindin tsaunukan Bavariya ma'auni ya nuna digiri 12 ƙasa da sifili. Ruwan jarka ya daskare. Ƙofar gefe ta manne sai da muka tura da kafaɗa. Gas irin na butan ba ya tashi in sanyi ya kai sifili, tukunya cike amma wuta ta ƙi kamawa, sai an koma furofan, wanda ke aiki har wajen digiri 42 ƙasa da sifili. Dizal na bazara yana yin kauri ya toshe matata, shi ya sa gidajen mai ke canzawa zuwa na hunturu. Batir na litiyam ba a caja shi ƙasa da sifili. Dole ka sa tayoyin hunturu in akwai ƙanƙara a titi, doka ce. Da safe sai ka duba ko dusar ƙanƙara ta toshe bakin bututun hayaƙi. Wannan duniya ce daban. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a wasu dararen Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Yana da ciwo ga jikin da ya saba da zafi, ban raina shi ba, amma sanyi ne da sutura ke maganinsa. A ganina kuɗin hita da batir da ɗaurawa gara su tafi cikin jarin citta.

Ruwan da ya ɗiga maka kuwa daga cikin motar ya fito. Numfashin mutum yana ɗauke da tururi, gas in yana ci shi ma ruwa yake fitarwa, kai kuma ka rufe ko'ina. Tururin ya taɓa rufin ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa, kamar yadda jikin kwalbar lemo mai sanyi ke yin zufa. Maganinsa yana da wuyar yarda ga mai jin sanyi: ka sauke gilasan gaba biyu kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, iska ta riƙa ratsawa. Busasshen sanyi ya fi sauƙin ɗauka a kan jiƙaƙƙen bargo. Ka kuma yanka kwali daidai kowace taga ka manna masa abin nan mai ƙyalli da ake tare rana da shi a gilashin gaba, domin ta gilashi ɗumi ya fi gudu.

Tambaya ɗaya: a daren akwai citta a motar? Busasshiya ce ko ɗanya?

Mai Sola, Tudun Wada

Duk abin da Oga Abban Yara ya faɗa haka yake, amma ban yarda a ce wa mutum ya haƙura da kwali da gorar ruwan zafi kawai ba. Akwai ɗumin da babu wuta a cikinsa. Bargon lantarki mai aiki da bolt 12 yana jan wajen wat 50. In ya yi awa takwas, wat-awa 400 ke nan, wato 50 sau takwas. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wajen wat-awa 1,200, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato 600. Ka ga ya isa dare ɗaya har da cajin waya. A ƙarƙashinka za ka shimfiɗa shi, kuma ba sai ya kwana a kunne ba, awa ɗaya kafin barci da awa biyu wajen asuba sun wadatar.

Sharaɗi: batir daban, ba na tayar da mota ba, in ba haka ba za ka wayi gari a ƙauye kana neman masu turi. A sa masa fis kusa da kan batir, waya mai kauri, a ɗaure shi kada ya yi yawo, kuma kada a rufe shi a akwati marar huji. In ka sa faifan sola a rufi, ka riƙa goge shi kullum da safe, ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sosai, ga hazo na tare rana.

Rufin kuma a manna masa soso sannan a rufe da siririn katako. Na yi wa masu motar sayar da kaya biyu haka. Sai dai a manne shi da kyau, in aka bar rata ruwa zai riƙa taruwa a baya, tsatsa ta ci rufin ba ka sani ba.

Mai Citta, Kawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa ya huta. Na karanta wa uwargida labarin, ta daɗe ba ta ce komai ba. Maganar kurfoti ta mutu, na kuma kira abokin nawa na gaya masa, don ashe shi yana yi a shagonsa. Anti, wallahi a ranar maganin zazzaɓi na saya na sha, kuma na ja mota har Kachia kaina na juyawa. Ban san abin da na tsallake ba sai yau.

Malam Abban Yara, ka canka. Buhu shida ne a ƙarƙashin gadon, kuma ba ta gama bushewa ba, don da gangan na saye ta haka saboda ta fi araha, in ƙarasa shanyawa a gida. Ashe a kan ruwa na kwana. Daga yanzu buhunan za su hau kan rufi cikin tampol, ko in bar su a ajiye wurin dillali sai ranar dawowa.

Jiya na shiga Kasuwar Barci na sami jakar barci ta gwanjo mai kauri da hula da safa biyu. Na karɓo kwalaye uku wurin mai sayar da firij. Daren jiya na gwada a ƙofar gida, gilasai a sauke kaɗan, gorar ruwan zafi a ƙafa. Sanyi ya ɗan taɓa fuskata wajen ƙarfe huɗu, amma bayana bai ji komai ba, kuma da safe na shafa rufin a bushe yake. Bargon lantarki sai na ga yadda kasuwar bana ta kasance, Mai Sola zan neme ka kan sosan rufi tukuna. Na'urar nan mai ƙara ce nake so in saya kafin tafiya ko da ba zan kunna komai ba, saboda wani lokacin ina fakawa kusa da masu janareta a tasha. Wanda ya san layin da ake samunta a cikin gari ya taimaka.

Baba, saura maganar Filato. Dankalin a wajen Bokkos da Mangu yake, ban san kowa ba a can.

Baba Direba, Rigasa

To kada ka kwana inda ba ka san kowa ba. Ka yi cinikinka da rana, la'asar ta yi maka a hanya, ka dawo cikin Jos ko Bukuru ka kwana inda manyan motoci ke kwana, da safe ka koma. Man da za ka ƙona ka lissafa shi cikin kuɗin kaya. Zuwan farko ka bi wani ɗan kasuwar dankali da ya saba da hanyar, ya haɗa ka da dillalinsa. Kuma ka ƙara kwali ɗaya a kan ukun nan, ka tafi da man kaɗanya don ƙafa da leɓe. Ruwan alwalar asuba ka zuba shi a filas tun dare.